Idon da Ya Rage wa Baba Mai-Zane

Ba da gangan Baba Mai-Zane ya kifar da kwalbar tawada ba. Bai gan ta ba ne kawai. Tana nan a gefensa na hagu inda ya saba ajiye ta, ya miƙa hannu zai ɗauki buroshi, sai ji ya yi abu ya tuntsure, sanyi ya bi masa gwiwar hannu. Kafin ya juyo da kansa gaba ɗaya ya gano inda ɓarnar take, tawada ta riga ta malale rabin shafin da ya wuni jiya a kansa. Yarinyar da ya zana tana gudu da laima a akwatin farko na zanen ta tsira, amma karen da ke bin ta da mai shagon da ke yi mata dariya duk sun nutse.

Ko tsaki bai yi ba. Ya zauna yana kallon abin, hannunsa yana ɗiga.

A haka ɗansa ya shigo ya same shi, waya a kunne, yana ta zuba wa wani kwastoma ranka ya daɗe. Yana ganin teburin ya ce wa mutumin zai sake kira.

"Haba Baba! Shafin makarantar nan ne fa. Gobe na ce musu su zo su karɓa."

"Ban gan ta ba."

"Kwalba guda a gabanka, ka ce ba ka gan ta ba?"

"Ba a gabana take ba, a gefe take. Gefen ne ba na gani. Ai a gabanka likita ya faɗa."

Darakta ya shafa kai, ya fita neman tsumma. Darakta shi ne sunan da yake so a kira shi da shi, tun ranar da ya buga kati ya rubuta a kai cewa shi ne daraktan kamfanin zane. Kamfanin kuwa ɗaki ɗaya ne a bayan gida, tsakanin kicin da banɗaki, ma'aikacinsa ɗaya tal, shi ne uban da ya haifi daraktan.

Ga yadda aikin yake tafiya. Mutane kan turo hotuna ta waya. Wannan yana so a mayar da shi da matarsa zanen barkwanci ya rataya a falo, makaranta tana son labarin yara cikin zane, akwati bayan akwati, mai shagon lemo yana son mutum mai ƙaton kai yana kurɓa yana lumshe ido. Baba ne zai zana da fensir, ya bi layukan da tawada. Darakta ya ɗauka ya saka a sikana, na'urar da ke kwafe takarda ta kai kwamfuta, ya zuba launi a can, ya rubuta maganganun cikin da'irorin da ke saman kawunan mutane, sannan ya sa hannu a kusurwar ƙasa, sa hannu mai wutsiya. A yi masa adalci, ya iya zuba launi, ya kuma iya baki. Abin da bai iya ba shi ne ya zana ko da kyanwa a gane kyanwa ce.

Abin da likita ya faɗa kuwa ba mai wuyar ganewa ba ne. Hawan jinin ido ne. Idon hagu ya riga ya tafi, na dama ne ya rage, shi ma ciwon yana cin sa daga gefe yana matsowa tsakiya. Maganin ɗigawa ya daina riƙe shi, sai an yi aiki, kuma kada a ja lokaci, don abin da ciwon ya cinye ba ya dawowa. Bayan aikin kuma sai an yi makonni ba sunkuyo a kan tebur. Duk cikin jawabin likita, wannan maganar ta makonni ita ce ta tsaya wa Darakta a wuya.

"Za a yi, Baba, in sha Allahu," ya ce yana goge tebur. "Mu dai gama na makarantar nan tukuna."

Aka gama na makaranta, na mai lemo ya shigo. Aka gama na mai lemo, wasu ma'aurata suka turo hotuna. Aiki ba ya ƙarewa a inda mai karɓar oda daban, mai sunkuyawa daban. Duk ranar da Baba ya yi ƙorafin ido, sai Darakta ya dawo gida da wani abu a leda. Da farko fitilar tebur ce mai dogon wuya. Daga baya madubin ƙara girma mai mariƙi. Duk wanda ya gan shi yana shigowa da kayan nan sai ya ce kai, wannan ɗa yana ji da mahaifinsa.

Wata rana da yamma ya shigo da kwali, yana murmushi har kunne. Ya fito da wata kwamfuta shimfiɗaɗɗiya kamar tire, fuskarta gilashi, da alƙalaminta na roba. Daga ranar kowa a gidan allo yake ce mata.

"Ga maganin matsalarmu, Baba. Babu tawada balle ta zube. In ka yi kuskure ka taɓa nan, ya goge. Babban abin kuma, kawo hannunka ka gani."

Ya kama babban yatsan tsohon da manuni, ya ɗora su a kan hoton wani mutum, ya buɗa su. Kunnen mutumin ya taso ya cika allon kamar faranti.

"Ka gani? Duk abin da ya yi maka ƙanƙanta, ka buɗa yatsu ya girma. In kana son ganin fuskar gaba ɗaya, sai ka tsuke su, ta dawo 'yar ƙarama. Gwada."

Baba ya gwada. Ya buɗa, kunne ya girma. Ya tsuke, fuska ta dawo. Bai so abin ba. Gilashin santsi gare shi, ba ya ƙara kamar takarda, ba ya warin komai. Amma gaskiya layukan sun fito masa ɓaro-ɓaro yadda ya daɗe bai gan su ba, kuma nan ne sharrin abin yake. Yana ji Darakta ya leƙa kicin yana ce wa matarsa, "To, an gama da maganar ido."

Kowane mai zane da inda yake fara fuska. Wani daga ido, wani daga hanci. Baba daga kunne yake farawa, yana cewa mutum zai iya gyara murmushinsa don hoto, amma kunne ba ya ƙarya. Haka ya ci gaba a kan allo. Ya buɗa ya yi kunne, ya ja hoton ya yi kunci, ya ja ya yi ido, sannan ya tsuke yatsu fuskar ta ƙanƙance ta shiga ɗan wurin da yake iya gani, ya duba ko ta haɗu. Tun yana mantawa har hannunsa ya saba, yana yi ba tare da ya sani ba.

Sai dai gida ba allo ba ne. Ba a tsuke tsakar gida a ga inda bokiti yake. Ya yi karo da bakin ƙofa har goshinsa ya tashi. Ya taka kwanon da aka ajiye a hanya. Sau da yawa surukarsa, matar Darakta, za ta kawo abinci ta ajiye masa a gefen tebur ta fita, sai ya huce bai san yana nan ba.

"Baba, ba ku ci ba ke nan? Ai tun ɗazu na kawo."

"Ban gani ba, 'yar nan. Ki dinga yi min magana in kin ajiye."

"To Baba. Amma ku ma ku dinga kallon gabanku, jiya ma kun zubar min da ruwan wanki."

Ba muguwa ba ce. Mace ce mai aiki da yawa wadda ta gano cewa in ta yarda tsohon nan makancewa yake yi, to dole ta yi wa mijinta magana, ita kuwa ba ta son tashin hankali a gidanta. Saboda haka ta zaɓi ta yarda rashin kula ne irin na tsufa. In maƙwabciya ta tambaya, sai ta ce, "Ai Baba ba ya iya zama haka nan. Ko an ce ya huta ba ya yarda, zanen nan shi ne rayuwarsa." Ba wanda ya taɓa ce masa ya huta.

Asibiti sun ba da rana. Baba ya tashi da wuri ya yi wanka, ya sa rigarsa mai kyau, ya haɗa 'yan kayansa a jaka kamar yadda aka ce masa, ya fito ya zauna a kan benci a bakin ƙofa. Yana jin Darakta a ɗaki yana waya, yana dariya, yana cewa shafi nawa ake so, ai wannan ba komai ba ne a wurinmu. Rana ta taso ta kama masa ƙafafu, ya matsa. Ta sake kamo shi, ya sake matsawa. Can Darakta ya fito da makullin mota a hannu, ya gan shi, ya dafe goshi.

"Kash! Baba, ban gaya maka ba? Na kira su, an ɗaga."

"Su suka ɗaga ko kai?"

"Wani babban aiki ne ya faɗo mana, irin wanda in ya wuce ba ya dawowa. Da mun gama shi, da kaina zan kai ka, in zauna da kai har a sallame ka. Kai ma ka san ba zan yi wasa da lafiyarka ba."

Baba ya ɗaga kai ya nemi fuskarsa. Sai da ya ɗan yi lalube da ido kafin ya same ta, baki ya fara gani, sannan hanci. Ya ɗauki jakarsa ya koma ciki, ya cire rigar ya ninke.

A cikin kwanakin ne Auta ta zo. Ita ce ƙaramar 'yarsa, tana aure a can wani gari mai nisa, ga tsohon ciki tana tafiya da kyar. Ta tsaya a ƙofar ɗakin aiki daga gefensa na dama, ta daɗe tana kallon sa, hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Ta ɗaga hannu ta kaɗa kusa da kafaɗarsa. Bai motsa ba.

"Baba."

Ya firgita, ya juyo da jikinsa duka. "Wa ke nan? Auta? Yaushe kika zo?"

Ta juya ta nufi falo, ya ji muryarta ta tashi.

"Yaya, ashe ba a yi wa Baba aikin ba? Ka ce min an sa rana!"

"An sa, an ɗaga. Za a sake sawa."

"Ina tsaye a gefensa bai gan ni ba, Yaya!"

"In yana aiki ba ya ganin kowa, tun muna yara haka yake. Ke daga zuwa sai ki fara ɗaga murya? Wa yake ɗauke da gidan nan? Wa yake sayen maganin? Allon nan da kika gani, don wa na kawo shi? Kuma bari in gaya miki abin da ba ki sani ba, tsoho in ka zaunar da shi ka kashe shi. Aikin nan shi ke riƙe da Baba. Su likitoci kuma ai kin san su, komai sai su ce a yanka."

"To ni zan kai shi."

"Da wannan cikin? Bismilla. In an yi aikin kuma ki tafi da shi gidan mijinki ki yi jinya."

Ta dawo ɗakin aiki tana share hawaye da bakin mayafi, ta durƙusa da kyar a gaban mahaifinta.

"Baba, ka tashi mu tafi. Yau ɗin nan."

Abin takaicin shi ne Baba da kansa ya tare ta. A gidan ɗansa yake kwana, abincin ɗansa yake ci, kuma ba ya so a ce a kansa 'ya'yansa biyu suka raba hanya. Ga kuma wani abu da ba ya faɗa wa kowa: yana tsoron ranar da zai zauna a gidan nan ba ya tsinana komai, ya ga da wane ido za a dube shi.

"Ki bari, Auta. Yayanki yana ƙoƙari. Wannan aikin ne na ƙarshe, ya yi min alkawari. Ke ki kula da kanki ki sauka lafiya, in zo in ga abin da kika samo mana. Ni zan zana shi da hannuna, a takarda, ba a wannan gilashin ba."

Ta tafi tana waiwaye. Kullum tana kira, kullum Darakta yana ce mata saura kaɗan.

Babban aikin na wani ɗan kasuwa ne. Mahaifinsa ya tsufa, yana so ya yi masa kyauta: littafi guda na zane, labarin rayuwarsu tun yana yaro har yau. Ya turo hotuna tuli. A shafin farko uba yana ɗauke da yaro a kafaɗa, a shafin ƙarshe kuma ɗan ne ya girma, yana riƙe da hannun uban yana tsallakar da shi titi. Baba ya zana su duka, kunne bayan kunne. Yanzu ko ya tsuke yatsu fuskar ta shigo cikin ɗan ramin da yake gani, sai ta yi dishi-dishi, dole ya sake buɗawa. Kansa yana sarawa tun daga hantsi. Maganin ɗigawa ya ƙare, ya faɗa, aka ce za a taho da shi, aka manta, ya sake faɗa, aka sake mantawa. Darakta ya ƙara wa allon haske har ƙarshe, ya sa alƙalamin ya dinga fitar da layi mai kauri.

"Ka ga yanzu ai ya fi fitowa, ko Baba?"

"Ya fi."

Ɗan kasuwan ya zo da kansa ganin inda aka kwana. Darakta ya tarbe shi a falo, ya nuna masa shafukan da aka zuba wa launi. Mutumin ya kai shafin titi, sai ya ciro hankici.

"Wallahi kamar ka san mahaifina. Dubi yadda ya ɗan karkata kai, haka yake yi in yana jin kunya an taimake shi. Wanda ya zana wannan ya san darajar uba."

"Ai iyaye su ne komai, ranka ya daɗe," in ji Darakta.

A daidai lokacin Baba ya fito zai zagaya, yana bin bango da hannu. Baƙon ya gaishe shi da ladabi.

"Tsohona ne," Darakta ya ce. "Yakan ɗan zauna a wurin aikin, ya rage zaman kaɗaici."

"Allah ya yi maka albarka da kake riƙe da shi haka."

Baba ya ce amin. Ya ci gaba da bin bangonsa.

Littafin bai kai ga ƙarewa ba sai da wani ya biyo bayansa, domin ɗan kasuwan ya nuna wa abokansa, kowa kuma yana da uba. Alkawarin aiki na ƙarshe ya bi sauran alkawuran. Baba ya daina tambaya. Da safe ya lallaɓa ya zauna, da yamma ya lallaɓa ya tashi, in an yi masa magana ya amsa, in ba a yi ba ya yi shiru.

Wata safiya ya zauna a gaban allo, ya ɗauki alƙalami, ya jira. Ya taɓa gilashin, ya buɗa yatsu, ya tsuke.

"Kai, zo ka kunna min abin nan."

Darakta ya leƙo. "A kunne yake, Baba."

"To ƙara masa haske."

"Ya kai ƙarshe."

Baba ya matso da fuskarsa, ya yi ta juya kai a hankali har ya samo wani ɗan wuri kamar bakin kwalba inda haske yake, da guntun layi a ciki. Ya ɗora alƙalami, layin ya ɓace masa. Ya sake nema. Har azahar bai haɗa kunne ɗaya ba. A ranar, da yake aiki ya tsaya, Darakta ya samu lokacin zuwa asibiti.

Likita ya haska fitilarsa, ya sa Baba ya ɗora haɓa a kan na'ura, ya daɗe yana dubawa. Da ya gama ya ajiye kayansa, ya juya wajen Darakta.

"Ina kuka shiga? Tun yaushe na ce a kawo shi?"

"Wallahi likita ka san halin tsofaffi. Ba sa son asibiti. Na yi na yi, ya ƙi."

Baba yana zaune, hannuwansa a kan gwiwa. Da ya so, kalma ɗaya ta isa. Amma ya tona wa ɗansa asiri a gaban baƙo, ya samu me? Idon ne zai dawo? Ya sunkuyar da kai, likita kuma ya ɗauki shirun a matsayin amsa laifi.

"Baba, ba ka kyauta wa kanka ba," ya ce. "Za mu yi aikin don mu tsare ɗan abin da ya rage. Amma wanda ya tafi ya tafi."

Darakta ya gyara murya. "Likita, to bayan aikin, zai iya ɗan ci gaba da zane? Don yana son abin sosai."

Likita ya dube shi, ya juya ya fara rubuta ranar aiki.

Aka yi aikin. Makonnin da aka yi ta gudu aka zo aka yi su, har da ƙari, kuma gidan bai rushe ba. Abin da ya rage wa Baba shi ne ɗan ramin nan kamar bakin kwalba. Littattafan da ya zana suna can a gidajen mutane, a kan tebura, a cikin firam. 'Ya'ya suna nuna wa baƙi, iyaye suna share ƙwalla, kowa yana yaba sa hannun nan mai wutsiya. Ba a dake shi ba, ba a hana shi abinci ba, ba a kore shi ba. Da za a tara dangi a tambaya, kowa zai rantse ana kula da Baba, har fitila aka saya masa. Abin da aka yi masa kawai shi ne an ce masa gobe, an sake ce masa gobe, har idonsa ya ƙare a kan iyayen wasu.

Auta ta sauka, ta samu 'ya mace. Da ta ji ƙarfin tafiya ta ɗauko ta ta zo. Ta same shi a bencin bakin ƙofa inda yake wuni yanzu, ta yi sallama tun daga nesa don kada ya firgita.

"Baba, ga ƙawarka na kawo maka."

"Madalla, madalla. Miƙo min ita."

Ta ɗora masa jaririyar a cinya, ta gyara masa hannu a ƙarƙashin kanta. Ya sunkuya yana juya kai a hankali. Zani ya fara gani, sannan wani ɗan dunƙulallen hannu. Ya haura sama, ya samo kunne, ƙarami, mai ɗan lanƙwasa a sama.

"Kunnen kakarta ne," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Wallahi shi ne."

Ya matsa ya ga kunci, kunnen ya ɓace. Ya matsa ya ga ido ɗaya a rufe, kuncin ya ɓace. Ya koma neman kunnen, ya rasa idon. Sai Auta ta ga ya ɗaga hannun dama, ya ɗora babban yatsa da manuni a saitin fuskar jaririyar, ya tsuke su. Ya jira. Ya sake tsukewa.

"Baba, me kake yi?"

Sai a lokacin ya lura da hannunsa. Ya bar shi a sama kamar ba nasa ba.

"So nake in gan ta gaba ɗaya," ya ce.

Auta ta toshe bakinta. Ta ɗauki yarinyar ta ja da baya kaɗan, ko fuskar za ta shiga inda yake gani.

"Yanzu fa, Baba?"

"Ƙara matsawa."

Ta ƙara.

"Yanzu kuma ta yi dishi-dishi. Dawo min da ita."

Ta mayar masa da ita cinya, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa tana kuka marar sauti. Ana haka sai ga takun Darakta daga ciki. Ya gaisa da ƙanwarsa sama-sama, ya tsaya a gaban benci, allo a hannu.

"Baba, ba wani aiki ba ne, ɗan gyara ne. Mai zanen da na ɗauka aiki ya kasa fitar da wata fuska, mai hoton kuma yana ta kira. Na buɗa maka shi sosai, layi biyu ne kawai."

Baba bai ɗago ba. Bai nemi fuskar ɗansa ba, bai kuma ga abin da zai nema a cikinta ba.

"Hannuna da kaya," ya ce.

Darakta ya tsaya jim, yana jiran ya ji an ce to, kawo, kamar kullum. Ba a ce ba. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya juya ya koma ciki yana ranka ya daɗe.

Baba ya gyara wa jaririyar kwanciya. Ya ɗora ɗan yatsa a kan kunnenta, ya bi lanƙwasar a hankali, ya gangaro kunci, ya zagaya haɓa, ya haura ɗaya gefen. Da ya kai ƙarshe sai ya dawo kunne, ya sake farawa.